Mun iya sayen wayar hannu, amma a kan mota sai wayonmu ya gudu

Duk wanda ya taɓa raka abokinsa Farm Center sayen waya ta hannu ya san matasanmu ba a yi musu wayo a wannan fanni. Kafin a fara maganar kuɗi sai an danna *#06# an gwada lambar IMEI da wadda ke jikin kwali. A shiga saiti a ga kashi nawa ya rage a lafiyar batir. A duba ko an taɓa canja sikirin, a gwada Face ID, a tabbatar babu iCloud ɗin wani a ciki, a sa layi a yi kira, a ɗauki hoto gaba da baya. Wani ma sai ya zauna a bakin shagon rabin awa yana latsa ta don ya ga ko tana ɗaukar zafi. Duk wannan a kan abin da in ya lalace gobe, za ka yi ciwon zuciya na wata biyu ka manta.

To shi wannan mutumin, ranar da Allah ya hore masa kuɗin mota sai ka rasa inda wayon ya shiga. Ya zagaya ta sau biyu, ya shafa fenti, ya daki taya da ƙafa, ya shiga ya kunna esi ya ji sanyi, ya ga an manna ƙaton sikirin na Android a gaba. Shike nan, a kawo lambar akawun. Kuɗin da ya shekara huɗu yana tarawa, ko na gadon da ya samu, ko bashin da zai daɗe yana biya, ya miƙa su cikin minti ashirin.

Ni a ganina motar da za ta yi maka aiki daidai kuɗinka ba a fuskarta ake gane ta ba, ba kuma a shekarar da dillali ya faɗa maka ba. Ana gane ta a injin da ke cikinta da irin rayuwar da ta yi kafin ta zo hannunka. Kuma wayar da kake karanta wannan rubutu da ita za ta iya tono maka rabin labarin kafin ka ba da ko sisi.

Yayana ne ya sa na fara shiga wannan harka. Ya ga wata Camry a Facebook, ya ce in raka shi. Ni ba makanike ba ne, aikina rubuta manhaja, amma sana'ar ta koya mini abu ɗaya: idan mai kaya ya ce "lafiya ƙalau take aiki", ka ce masa to mu buɗe mu ga abin da na'urar da kanta ta rubuta. Muka je. Motar tana sheƙi, an fesa turare a ciki, tayoyi an shafa musu baƙi. Dillalin ya ce, "Alhaji, wannan 2010 ce, tsohuwa ce ta hau ta a Amurka, daga gida sai kasuwa. Mai kawai za ka zuba ka kama hanyar Abuja." Na rasa dalilin da ya sa duk motar da ta shigo ƙasar nan tsohuwa ce ta hau ta.

Na leƙa ta gilashin gaba, ɓangaren direba, na ɗauki hoton lambar VIN. Ita ce IMEI ɗin mota: haruffa da lambobi 17, ana kuma samunta a jikin ginshiƙin ƙofar direba, don haka abu na farko shi ne ka ga ko biyun sun yi daidai da juna, sun kuma yi daidai da ta kan takarda. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ne shekarar motar. Daga 2001 zuwa 2009 lamba ce, 1 zuwa 9. Daga nan sai haruffa: A ita ce 2010, B 2011, C 2012, D 2013, haka dai. Na ƙirga da yatsa, na goman ya fito 7. Motar 2007 ce aka canja mata bamba da fitilu ta koma kamar 2010. Wannan kwaskwarima ta zama sana'a mai zaman kanta, kuma ba laifi ba ce in an faɗa maka gaskiya. Laifin shi ne a sayar maka da ita a farashin shekarar da ba tata ba.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai jiki ɗaya ne, shekara uku ce kawai tsakani. A Camry wannan shekara ukun ita ce komai. Mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009 tana ɗauke da injin 2AZ-FE mai lita 2.4, wanda ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda yadda aka ƙera fistin da ringinsa, har sai da Toyota da kanta ta tsawaita garanti a Amurka don gyara shi. Ta 2010 da 2011 kuwa an sa mata wani injin daban, 2AR-FE mai lita 2.5, da giya shida maimakon biyar. Ya fi ƙarfi, ya fi tsimin fetur, kuma ba a san shi da wancan ciwon ba. Ka ga mota biyu a jere, kala ɗaya, sura ɗaya, amma ɗaya za ta sa ka yawo da galan ɗin baƙin mai a but, ranar da ka manta kuma injin ya buga. Ba kowace 2007 ce take shan mai ba, akwai waɗanda aka gyara tun can. Amma ya kamata ka san wacce kake saya, ka kuma biya kuɗin wadda kake saya.

Ban tsaya nan ba. Na rubuta lambar VIN ɗin gaba ɗaya a Google, ba tare da na ƙara komai ba. Sai ga hotunan motar a filin gwanjo, gabanta ya lotse har zuwa lagireto, jakar iskar da ke tare direba lokacin haɗari ta fashe tana reto a kan sitiyari. Yawancin motocin da muke kira na Amurka ta irin wannan hanya suke zuwa: kamfanin inshora ya ga gyaran ya fi ƙarfin darajar motar, ya biya mai ita, ya kai ta gwanjo irin na Copart ko IAA, ɗan kasuwa ya saya ya ɗoro ta a jirgi, a gyara ta a nan. Akwai shafuka da dama da suke adana waɗannan hotuna, shi ya sa bincike na kyauta yake kamo su. Idan kana son cikakken tarihi, Carfax da AutoCheck suna sayar da rahoto, a ciki za ka ga hannu nawa ta bi da kuma tafiyar da mitarta ke nunawa a lokuta daban-daban. In rahoto ya nuna ta yi mil 180,000 shekara biyu da suka wuce, yau kuma mita tana nuna 90,000, ka san an juya ta baya.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, motar da ta yi haɗari ba lallai ta zama mummunar saye ba. In an daki ƙofa ko bamba an canja, sau da yawa nan ne ma arha take. Abin gudu shi ne wadda ƙashin jikinta ya lanƙwashe aka ja shi da sarƙa, wadda za ta riƙa cin taya gefe ɗaya har abada, da wadda aka ɗinke murfin jakar iska aka bar cikin fanko. Sai kuma uwa uba, wadda ruwa ya ci. Guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma irin wannan ambaliya ba ta daina faruwa a can ba. Motar ruwa tana iya tashi lafiya ranar ciniki, sai bayan wata shida wayarin ya fara hauka: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ƙwaƙwalwar motar ta mutu. Ɗaga kafet ka sa hannu, duba tsatsa a ƙarfen ƙarƙashin kujera, ja bel har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin laka. Turare mai yawa a cikin mota ma abin tuhuma ne.

Mun bar waccan Camry. Kafin fita ta biyu na sayi wata 'yar na'ura da ake kira ELM327, ba ta kai girman akwatin ashana biyu ba, kuɗinta kuma bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, sunanta OBD2. Motocin Turai masu fetur su ma dole suna da ita tun 2001. Ka soka na'urar a nan, ka haɗa ta da waya ta Bluetooth, ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner, sai motar ta fara ba ka labarin kanta. Masu iPhone su lura, yawancin masu arhar da Android kawai suke aiki, sai ka nemi mai Wi-Fi ko wadda aka rubuta tana tafiya da iPhone.

Lambobin matsala su ne abin da kowa yake fara dubawa. P0300 na nufin injin yana tsallake wuta. P0171 na nufin iska ta yi wa fetur yawa. P0420 kuwa a ƙasar nan kusan kullum fassararta ɗaya ce: an taɓa abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, wanda makanikai suke kira indomi. Ana cire shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, a mayar maka da gwangwani.

Amma dillali mai wayo shi ma yana da tasa na'urar, kuma goge lambobin nan latsa ɗaya ne. A nan ne abin da na fi so a manhajar yake. Bayan lambobin, mota tana da wasu gwaje-gwaje da take yi wa kanta tana cikin tafiya, na indomi, na sansan iskar salansa da sauransu. Duk lokacin da aka goge lambobi ko aka cire batir, waɗannan gwaje-gwajen suna komawa farko, kuma ba sa kammala sai an yi tafiya mai ɗan nisa, wani lokaci ta kwanaki. Don haka in ka ga babu lambar matsala ko ɗaya amma gwaje-gwajen duk suna nuna ba su kammala ba, to ba lafiya ka gani ba, shara ka gani. Kamar a miƙo maka waya an goge duk tarihin kira da saƙonni ne a ce maka ba a taɓa amfani da ita ba. Mai yiwuwa batir ne ya mutu a ajiye, hakan yana faruwa. Sai ka ce a bar ka ka yi tafiya mai kyau da ita ka sake dubawa. In aka hana ka, an ba ka amsa.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar komai. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba. Dole fitilar cek injin, ta jakar iska da ta ABS su kama, sannan su mutu bayan mota ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Sannan ka bar manhajar a buɗe kana tuƙi ka kalli zafin ruwan injin. Lafiyayyen inji yana hawa ya tsaya a wajen digiri 85 zuwa 95. In ka yi tafiyar minti ashirin yana nan ƙasa sosai, akwai yiwuwar an cire tamostat, al'adar da wasu makanikanmu suke yi da sunan ƙasarmu akwai zafi. Injin da ba ya kai zafinsa yana ƙara shan fetur, wani lokaci kuma an cire ne don a ɓoye wata matsalar ɗaukar zafi.

Yanzu bari mu zo kan ƙarfi da gudu, don na san nan ne zuciyar da yawa daga cikinmu take. Mun saba da kwatanta RAM da megafiksel, don haka muna zuwa mota sai mu nemi lambar da ta fi girma. Lexus ES 350 ta 2007 tana da ƙarfin doki 272, Corolla ta 2005 yawanci ba ta wuce 130 ba. A takarda babu haɗi. Amma a ina za ka yi amfani da dokin nan 272? A cunkoson Ƙofar Nassarawa, ko a layin unguwarku da kowane gida ya gina nasa tudun rage gudu? A ƙiyasin hukumar kula da muhalli ta Amurka, a tuƙin cikin gari Corolla ɗin tana shan kusan lita 9 a kilomita 100, Lexus ɗin kuma sama da lita 12. Mu ɗauka kana yin kilomita 40 a rana, wato 1,200 a wata. Bambancin ya kai lita 40. Don sauƙin lissafi sa lita a naira 1,000: dubu arba'in ke nan duk wata, kusan rabin miliyan a shekara, kafin a zo maganar fulogi shida maimakon huɗu da ƙarin baƙin mai. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ana iya kau da kai daga wannan lissafi. Yau wanda ya kau da kai zai ajiye motar a ƙofar gida ya koma hawa Adaidaita Sahu, kuma duk mun san irin waɗannan motoci, ƙura ta rufe su, yara suna rubuta sunayensu a gilashi.

Ba ina cewa ES 350 mummunar mota ba ce. Injinta, 2GR-FE, yana cikin mafi ƙarko da Toyota ta yi, kuma wanda yake bin doguwar hanya kullum, aljihunsa kuma ya ɗauka, zai ji daɗinta. Haka Benz. Wanda ya taɓa tuƙa C300 a titi mai kyau ya san akwai abin da Corolla ba za ta taɓa ba shi ba, kuma ba na raina wanda yake son wannan. Abin da nake ƙi shi ne a ga tsohuwar Benz ta sauko farashin Corolla a ɗauka an tsinci dami a kala. Farashin sayenta ne ya sauko, na kayan gyaranta yana nan inda yake, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 duk abin da ake shigo da shi ya ninka.

Gaskiya ne kuma sunan Toyota da kansa ya zama haraji. Kowa yana so, don haka ana tsuga mata kuɗi. Shi ya sa nake ganin mai neman aiki daidai kuɗinsa ya koyi kallon abin da ke ƙarƙashin bonet maimakon tambarin da ke kansa. Pontiac Vibe misali ce da 'yan Arewa suka daɗe da ganowa. Tagwayen Toyota Matrix ce, an haɗa ta a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors da ke Fremont a jihar Kalifoniya, wadda Tesla ta saya a 2010. Ta 2003 zuwa 2008 yawanci injin Corolla ne a cikinta, 1ZZ-FE, ga wurin kaya ya fi na Corolla. Amma ko a nan sai ka duba: a ta 2009 da 2010 akwai mai lita 1.8, akwai kuma mai 2.4, wanda shi ne dai 2AZ-FE ɗin can mai shan baƙin mai. Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda muke kira EOD, ita ma haka: mai silinda huɗu jaruma ce, amma mai shida ta farkon shekarun ta yi fama da giyabos, har Honda ta yi kiran gyara a 2004. Suna ɗaya, jiki ɗaya, ƙaddara daban.

Akwai tambayar da babu manhajar da za ta amsa maka: in wani abu ya lalace ranar Talata, za ka samu kayan a Ƙofar Ruwa ko Panteka kafin la'asar, ko sai an aika Ladipo a jira sati? Kuma makaniken unguwarku ya san motar, ko a kanta zai koya? Kafin ka sayi kowace mota, shiga kasuwar kayan gyara ka tambayi kuɗin abu huɗu ko biyar nata, shokazoba, famfon mai, fitilar gaba, kwamfiresan esi, giyabos na hannu. Amsar da za ka samu ta fi duk wani bidiyon YouTube da Bature ya yi a titin da babu rami.

Don haka nake cewa waya rabin aiki take yi. Ba ta jin ƙarar ƙasa, ba ta ganin yoyon mai, ba ta san an sauke injin an mayar ba. Je da makaniken da kai ka ɗauko, kai za ka biya, ba wanda dillali ya ce "ga wani nan kusa" ba. Je da safe ka tarar da injin a sanyaye, don hayaƙi da ƙarar da ake ɓoyewa a tashin farko suke fitowa. A ɗaga ta a leƙa ƙasa. Sannan takardun kwastan: a Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma motoci da yawa sun ci gaba da shigowa ta bayan fage da takardun da ba za su tsaya a gaban jami'i ba. Kai lambar takardar ofishin kwastan a tantance kafin ka biya. Motar da aka ƙwace a hanyar Kaduna ba ta da wani ƙarfin doki.

Masu talla a Jiji da Facebook da suke cewa gwanjon kwastan ne, ka turo kuɗin fom ko na kawowa kafin ka gani, ba sai na ɓata muku data a kansu ba.

Yayana ya ɗauki sati bakwai yana nema, har ya fara cewa ni ne nake kore masa motoci. Mun duba tara. A ƙarshe ya sayi Vibe ta 2006 a hannun wani malamin makaranta da ya yi shekara uku yana hawanta, fentin saman ya ƙone da rana, rediyon na asali ne mai cin faifan CD. Gwaje-gwajenta duk sun kammala, lamba ɗaya ta fito ta sansan iska, makanike ya ce a rage kuɗinta a ciniki, aka rage. Ranar da ya kai ta gida matarsa ta leƙa ciki ta ce, "Yanzu duk yawon nan da kuka sha, ko sikirin babu?" Washegari ya sayi maƙalin waya na dubu uku ya liƙa a gilashi.